Sauda Tana Azare

Shekara ashirin da ɗaya ina kitso a unguwar Ɗan Iya, kuma duk mai wannan sana'a ta san kan da ke tsakanin gwiwoyinta ba ya ɓoye mata komai. Na ji maganganu da yawa na haɗiye. Wannan ce ta tsaya mini a wuya, shi ya sa zan faɗe ta, har da wajen da ni ma na yi laifi.

Sauda ita ce autar Alhaji Ɗanlarai, tsohon ma'aikacin gwamnati, da matarsa Hajiya Kubura. Shekararta goma sha bakwai, tana da farfaɗiya. A gidansu kofinta daban, kwanonta daban, tabarmarta daban, domin sun yarda duk wanda yawunta ya taɓa ya ɗauka. Likita ya faɗa musu ba sau ɗaya ba cewa ba a ɗaukar ciwon, suka ce to, suka dawo gida suka ci gaba da abin da suka saba. Ni kaɗai nake taɓa kanta a unguwar. Ba jarumta ba ce, kakata ta yi irin ciwon, a cinyarta na girma ban ɗauki komai ba.

A lokacin da nake magana wata takwas ke nan ba ta faɗi ba. Ƙwaya ce take sha safe da yamma, duk farkon wata ta ɗauki katinta ta shiga keke Napep zuwa asibitin gwamnati, ta ga likita, ta karɓo na wata guda. Ta yi ƙiba, gashinta ya cika hannu, har surutu ta koya.

A layin karɓar magani ta haɗu da Izzuddeen, wani yaro ɗan Ƙofar Dumi mai shekara goma sha tara, mai sikila, yana ɗinkin hula a shagon kawunsa. Siriri ne, idonsa ruwan ɗorawa, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Ranar ya fito bai riƙo ruwa ba, mai sikila kuma ba ya wasa da ƙishi. Ya ga gora a hannunta ya ce ta san masa. Ta sunkuyar da kai ta ce ta riga ta kafa baki, kuma farfaɗiya gare ta. Ya karɓa ya shanye tas, ya miƙo mata gorar.

"Idan na faɗi gobe zan aiko miki," in ji shi. "Amma nawa ciwon marowaci ne, ba ya ba baƙo masauki."

Da take ba ni labarin dariya take yi har sai da na danne mata kai, tsaga tana karkacewa. Can kuma sai na ji ɗumin hawaye a gwiwata. Ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin wani ya sha ragowarta ba.

Daga nan duk wata sai sun haɗu a benci ɗaya. Tana ce masa Ɗan Ɗorawa, yana ce mata Auta Mai Gora. Kullum safe da yamma zai kira wayarta, ba doguwar hira, ya tambaya ko ta sha, ta ce ta sha, ta tambaye shi ruwa nawa ya sha yau. Ya gaya mata a gidansu idan ana tsara abin da za a yi baɗi ba a saka shi a ciki, ba don ƙiyayya ba, sun dai riga sun sallama. Wata rana ya tambaye ta nau'in jininta, ta ce an gwada, babu sikila ko ɗigo. Sai ya ce tunda yake zarya asibitin nan bai taɓa jin labari mai daɗi ba sai yau. Ta gane abin da yake nufi sarai, ta ja hijabi ta rufe fuska. Ni dai na ce mata ta yi a hankali, amma a zuciyata na ji daɗi.

Sai yayarta Yasmin ta yi miji, ɗan wani babban gida a cikin gari. Aka kawo gaisuwa, dangin ango suka fara bincike kamar yadda aka saba, a tambayi maƙwabta, a tambayi liman, a ji ko akwai wani abu a zuri'a. A nan Hajiya Kubura ta gano cewa goggon angon, Hajiya Khairat, a asibitin nan take aiki, kuma a ɗakin da ake ciro kati.

Ina gidan ina yi wa Yasmin kitso aka yanke hukuncin. Hajiya ta ce daga yau an daina zuwa asibiti sai bayan biki.

"Mama, ƙwaya tara ta rage mini," in ji Sauda.

"Wata huɗu ne kacal. Ba kin warke ba? Ki yi wa yayarki wannan, ai ba za ki mutu ba."

Ta karɓi katin da kwalin maganin ta cusa a murhu, wai kada wani baƙo ya gani, ta juye mata ƙwayoyin tara a leda.

Bayan kwana biyu wasu mata daga gidan ango suka shigo gaisuwa, ɗaya ta tambaya ina ƙanwar amarya. Hajiya ta buɗe baki ta ce tana makarantar kwana a Azare. Sauda na banɗaki a lokacin. Sai da suka tafi aka bar ta ta fito, kuma tunda an ce tana Azare, dole ta zauna a Azare. Aka kwashe kayanta aka kai ɗakin baya inda ake ajiye buhunan hatsi, mai 'yar taga ɗaya a sama. Aka karɓe wayarta, wai 'yar makarantar kwana ba ta riƙe waya. In an yi sallama a zaure sai a ja mata ƙofa.

Kwana shida bayan ƙwayar ta ƙare ta faɗi. Bayan mako ta sake. Kafin wata ya zagayo sau biyu, sau uku take faɗuwa a mako. Ta datse harshenta har ta kasa cin tuwo, haƙorinta na gaba ya gutsure a bakin buhun masara. Idan na shiga yi mata kitso sai in tarar da ƙulu biyu uku a kanta, in riƙa kewaye su da tsinke. Ta fara manta magana a tsakiya, ta yi ta kallon bango tana neman kalmar.

Na yi wa Alhaji magana a zaure. Ya ce ai yana sane, in ya je Jos zai sayo mata a can inda ba wanda ya san shi. Na ce sunan maganin fa? Ya ce Hajiya ta sani. Hajiya ta ce a jikin kwalin yake. Da na koma masa sai ya ce shi maganar cikin gida ta mata ce, ya gyara zaman rediyonsa. Jos ɗin bai je ba har yau.

Hajiya kuwa ta samo wani mai magani ya ba ta hayaƙi, ya ce yawan faɗuwar nan alheri ne, ciwon ne yake fita. Ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu, duk wanda ya taɓa zancen sai ta maimaita masa. Na gwada Yasmin, ko ita za ta ji tausayi. Ta juyo da kanta daga hannuna ta dube ni.

"Goggo Fatu, ni ma fa mutum ce. Maza biyu suka gudu saboda ita. Shekarata ashirin da takwas. So kike wannan ma ya gudu?"

Ban ce ƙarya ta yi ba. Na dai lura ba ta taɓa leƙa ɗakin bayan ba, ko sau ɗaya.

Izzuddeen ya yi ta kiran waya a kashe. Ya jira a benci farkon wata bai gan ta ba. Ya yi ƙarfin hali ya zo ƙofar gidan, Alhaji ya ce masa tana Azare, kuma kada ya sake ganinsa. Da yake Sauda ta sha ba shi labarina, sai ya bi unguwa yana tambayar gidan Fatu mai kitso har ya same ni. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai yi kwana-kwana ba.

"Goggo, Auta ba ta Azare. Da za ta tafi da ta gaya mini. Tana shan maganinta?"

Na yi niyyar in maimaita masa ƙaryar, bakina ya ƙi. Na gaya masa komai. Ya zauna a dandamali ya riƙe kai. Washegari ya dawo da ƙulli a aljihu. Akwai wata nas mai suna Comfort da ta san Sauda, ita ta duba takardunta ta haɗa masa na wata guda, ta ce a gaya wa iyayen yanke irin maganin nan farat ɗaya yana iya kisa. Na zuba ƙwayoyin a gwangwanin man kitso na shiga da su.

Da na buɗe mata ta gani, ba maganin ta fara tambaya ba. Ta ce ya rame? Yana shan ruwa? Na ce bakinsa dai yana nan. Ta yi dariya da gutsurarren haƙorinta, ta ce in gaya masa ta sha.

Kwana goma sha biyu ta yi ba ta faɗi ba. A na sha uku Hajiya ta shiga ɗebo masara ta ga gwangwanin a bayan buhu. Ta tsare Sauda da tambaya har ta faɗi wanda ya kawo. Hankalin gidan ya tashi, ba don komai ba sai don wai yanzu wani yaro ya sani, wata nas ta sani, saura goggon ango. Hajiya ta juye ƙwayoyin a masai Sauda na kallo. Sannan ta aika aka kira ni.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kitson amarya da na ƙawaye da na dangi duka ni ta ajiye wa, amma masu kitso ba su ƙare a Bauchi ba. Ta ce kuma in ta buɗe baki ta gaya wa matan unguwa cewa Fatu tana kai wa 'yan mata saƙon samari a gwangwani, ba ta san gidan da zai sake buɗe mini ƙofa ba. Shi kuma yaron, in ji ta, wanda ƙafarsa ɗaya ke kabari, ya ji da kansa. Ni bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, hannuna ne gonata. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na fito.

Sauda ta koma faɗuwa, fiye ma da da. Na daina kallon idonta in ina mata kitso.

Saura kwana tara biki, cikin watan Agusta, aka wuni ana ruwa. Da la'asar sai ga Izzuddeen a ƙofata, jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Mai keke ya ƙi shiga lungunmu saboda ruwa, ya sauka ya tako. Ya san abin da sanyi yake yi wa mai irin ciwonsa, ya fi ni sani. Ya miƙo mini wani ƙullin, ya ce wannan karon in riƙa kai mata ɗaya-ɗaya a bakin zanina, ba wanda zai gani. Na karɓa na ce to. Yana fita na buɗe akwatina na saka a ƙasan kaya, na ce wa raina kwana tara ne, bayan biki na kai mata. A ranar ciwonsa ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti.

Ranar kamu gida ya cika. An kafa rumfa a tsakar gida, masu kiɗa sun jona na'urarsu. Hajiya ta samar wa Sauda aiki don kada ta zauna haka nan, wai ta turara kayan amarya. Aka shigar mata da kaskon garwashi da kwalbar turaren wuta da kwandon da ake kifawa a kai, da tulin lesuka da atamfofi. Hajiya ta ce ai hayaƙi ma magani ne a wajenta. Ta ja ƙofar ta danna kwaɗo saboda yaran baƙi, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.

Ana kiran la'asar dangin ango suka iso. Na zaga baya in wanke hannu, sai na ji ƙarar da na sani, ƙafa tana dukan ƙofa ba tsari. Ta yi ta yi, ta tsaya. Na tsaya ina saurare. Sai wani wari ya fito ta ƙasan ƙofar, wanda ba na turare ba. Can na ji ana ƙwanƙwasawa a hankali, da wata 'yar murya: "Mama. Mama. Goggo."

Na kutsa cikin mata na sami Hajiya zaune a tsakiyar surukai, an sha gwaggwaro. Na sunkuya na raɗa mata cewa Sauda ta faɗi, kuma ina jin ƙauri. Ta yi wa baƙi murmushi, ta karkato kanta.

"Ta saba. Za ta tashi da kanta. Bari su tafi."

"Hajiya, ƙauri nake ji. Tana kiranki."

"Turare ne, Fatu. Je ki."

Na koma ƙofar. Akwai taɓarya a jingine a bango, duka biyu zai ɓalle kwaɗon nan. Na dube ta. Na tuna mutanen da ke tsakar gida, na tuna matan unguwa, na tuna 'ya'yana. Na sa baki a jikin ƙofa na ce ta yi haƙuri, yanzu za a buɗe. Ƙwanƙwasawar ta yi ta raguwa har ta daina. Dangin ango suka ci, suka sha, suka fesa wa amarya turare, aka yi guɗa, aka raka su zaure. Ya fi rabin awa ina tsaye a wurin.

Da Hajiya ta buɗe, hayaƙi ya fara fitowa. Kaskon ya kife. Sauda na kwance a bakin ƙofa, inda ta jawo jikinta. A kan garwashin ta faɗi, gefen fuskarta na dama da hannunta a ƙasa. Ba zan kwatanta ba. Hajiya ta yi salati, ta miƙa hannu, sai ta ga kumfa a haɓar yarinyar ta janye. Ta hana matan da suka biyo mu matsowa, ta ce akwai yawu. Wata daga cikin dangi ta lallaɓa ta gefe ta kwashe lesukan da ba su ƙone ba.

Ni na goya ta, na fita ta ƙofar baya. Hajiya ta biyo ni tana cewa kemis za a kai ta, kada a je asibitin nan. Na tari keke na ce masa asibitin gwamnati. Abin kirki ɗaya da na yi ke nan, shi ma bayan an gama ɓarna.

Idon dama ya tafi. Yatsu uku sun manne, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba lallai su miƙe ba. Ya ce da an fito da ita da wuri an zuba ruwa, da ƙila an ceci idon. Washegari aka ɗaura auren Yasmin, aka kai amarya, komai ya tafi lafiya.

Ranar Litinin Hajiya Khairat ta dawo aiki, ta shigo ɗakin da kanta da sabon kati a hannu. Ta tsaya tana kallon Sauda, ta riƙe baki. Ta ce mini shekara huɗu ita take ciro katin yarinyar nan, da sunan uban da unguwa a rubuce. Tun kafin a kai gaisuwa ta gaya wa iyayen ango, suka tambayi likita, suka ce ba komai. Da ta ji zancen Azare ta ɗauka can aka mayar da ita ganin likita. Ko da ba su sani ba, wane aure ne ya kai idon mutum?

Izzuddeen ya ji labari a wajen Comfort. Ya tako daga ɗakin maza yana jan sandar ƙarin ruwa, yana hutawa a hanya. Ya zauna a gefen gadon bai yi wasa ko ɗaya ba. Sauda ta juyar da fuska don kada ya gani, ya zagaya da sandarsa ya zauna ta wancan gefen.

Yana nan zaune rana ta huɗu Hajiya Kubura ta zo da kular abinci. Ta tsaya daga ƙarshen gado, ba ta ko dubi inda yake ba. Ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa. Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Ta ce dangin mijin Yasmin za su zo dubiya, in sun tambaya a ce Sauda ce ta kulle kanta a ciki.

Sauda ta dubi uwarta, bandeji ya rufe rabin bakinta.

"Mama, kin ji ni da nake kiranki?"

"Haba, Auta. Da na ji zan bar ki? Kiɗa ya yi yawa, ba wanda ya ji."

Sauda ta juyo da idonta ɗaya gare ni. Ina riƙe da hannunta mai lafiyar.

"Goggo, haka ne?"

Hajiya ta kafe ni da ido. Na san abin da ke cikin kallon, na riga na taɓa sayar da yarinyar nan a kansa.

"Ta ji," na ce. "Ni na je na gaya mata, ta ce a bari baƙi su tafi. Ni ma na ji ki. Ina bakin ƙofar, ga taɓarya, ban fasa ba. Maganin da Izzuddeen ya kawo cikin ruwa kuma yana akwatina, tun saura kwana tara biki nake riƙe da shi."

Hajiya ta ɗauki jakarta, ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba, ta fita. Izzuddeen ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa. Sauda ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta ce wa Izzuddeen ya kira mata Comfort ta gyara mata filo.

Yanzu wata bakwai ke nan. A unguwa ana cewa tsautsayi ne, ana yi wa Hajiya sannu da haƙurin jinya, tana amsawa tana share ido. Alhaji ya ce shi dama can bai so aka hana ta asibiti ba. Gidaje da dama sun daina kirana kitso. An dawo da Sauda ɗakin gaba tunda babu sauran wanda za a ɓoye wa, tana shan maganinta, ba ta sake faɗuwa ba. Duk farkon wata nakan hango ta a bakin titi tana jiran keke, hijabi ya rufe rabin fuska, Izzuddeen na tsaye gefenta in jikinsa ya bar shi.

Sau biyu na tsallaka na gaishe ta. Ta amsa da ladabi, yadda ake amsa wa baƙuwa, ta shiga keke. Ban ga laifinta ba. Sunaye biyu ta kira a bayan ƙofar nan, kuma nawa ne na biyu.